Lambobi da haruffan bayan mota: yadda za ka karanta su da kanka kafin dillali ya karanta maka

Duk wanda ya taɓa zagaya wajen masu saida motoci a Yamai ya san yadda zancen yake tafiya, dillali zai buga bayan mota da tafin hannu ya ce "Alhaji duba da idonka, 350 ce, V6, komi akwai ciki", kai kuma ka gyaɗa kai don kar a ce ba ka waye ba, alhali ba ka san mi 350 ɗin take nufi ba. To rubutun nan ba ado ba ne kawai, yana faɗin girman mota, irin injin da ke ciki, man da take sha, har da ko tana ja da ƙafa huɗu. Sai dai ka riƙe wani abu tun yanzu: rubutun bayan mota kamar hula yake, kowa na iya aro ya ɗora. Da gam ake manna shi, ana saida shi a kasuwa. Don haka za mu fara da koyon karanta shi, mu ƙare da inda ake kama shi in ya yi ƙarya.

Mataki na 1: raba rubutun gida uku

Kusan duk abin da anka rubuta bayan mota yana faɗawa ɗaya cikin uku. Akwai sunan motar ko ajinta (Corolla, 406, C, X5), akwai bayanin inji (2.0, HDi, V6, 220), sannan akwai haruffan kayan alatu na ciki (LE, GX, VXR). In ka ga "Avensis 2.0 D-4D" to Avensis suna ne, 2.0 girman inji ne wato lita 2, D-4D kuma irin injin. V6 ko V8 kuwa inji ne mai silinda 6 ko 8 da anka jera kamar harafin V. Lita a nan ba man da take sha ba ne, ba kuma girman tanki ba, faɗin cikin silindodin injin ne in an haɗa su duka. A takarda za ka ga an rubuta 1998 cm3 ko 1995 cm3, shi ne anka cika anka ce 2.0.

Mataki na 2: esansi take sha ko gazuwal

Wanga shi ne na farko da ya kamata ka iya, don shi ke shafar aljihunka kullum.

Na gazuwal: HDi da BlueHDi wajen Peugeot da Citroën, dCi wajen Renault da Nissan, TDI wajen Volkswagen da Audi, CDI da BlueTEC wajen Mercedes, CRDi wajen Hyundai da Kia, TDCi wajen Ford, CDTI wajen Opel, D-4D wajen Toyota, ƙaramin d a ƙarshen lamba wajen BMW. Na esansi kuma: VVT-i na Toyota, i-VTEC na Honda, TSI da TFSI da FSI na gidan Volkswagen, VTi da THP da PureTech na Peugeot, TCe na Renault, Kompressor da CGI na Mercedes.

Mutane da yawa sun ɗauka duk inda anka ga D to gazuwal ne. Sau da yawa haka ne amma akwai tarko guda biyu da ke kama mutane. GDI na Hyundai, Kia da Mitsubishi esansi ne duk da D ɗin da ke tsakiya. Na biyun ya fi muni don ya shafi motar da ta cika mana gari: Avensis mai rubutun D-4 kawai, ba D a ƙarshe, esansi take sha, D-4D ce mai gazuwal. Harafi guda ne tsakaninsu. Kuma injin D-4 ɗin, shi da GDI da FSI, suna feshin mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, ba su son mai mai datti ko kaɗan, in kai mutumin 'yan ruwa-ruwa ne mai sayen na kwalba bakin hanya to gara ka nemi VVT-i na gargajiya ka huta da zaryar garaji.

Inda ka ga "Blue" a motar gazuwal, yawanci tana da wani ƙaramin tanki na daban da ake zuba ma wani ruwan rage gubar hayaƙi mai suna AdBlue, kuma tana da matatar hayaƙi da Faransawa ke kira FAP wadda ke toshewa in mota ba ta yin doguwar tafiya. An yi su ne don dokokin hayaƙi na Turai. Ni dai ba zan ba mutumin da yawonshi bai wuce gida, ofis, kasuwa shawarar sayen irinsu ba.

Ƙaramin h (RX 450h) na nufin mai haɗa inji da batir. BMW in i ya zo a ƙarshe kamar 320i esansi ce, in ya zo a farko kamar i3 ko iX ta lantarki ce.

Mataki na 3: lambar, kowane kamfani da nashi lissafi

Nan ne ake rikicewa, don 406 da 320 da 350 duk lamba uku-uku ne amma ba abu guda suke faɗi ba.

Peugeot ita ce mafi sauƙi, lambarta ba ruwanta da inji sam. Ta farko girman mota, sifili a tsakiya, ta ƙarshe zamani. 206, 207, 208 ƙananan ne ɗaya bayan ɗaya, 306, 307, 308 matsakaita, 404 ta 1960, 405 ta 1987, 406 ta 1995 da 407 ta 2004 dangi guda ne, sai 504 ta 1968 da 505 ta 1979 da sunka fi su girma. 504 ɗin nan da anka riƙa haɗawa a Kaduna shekaru da yawa, wadda iyayenmu sunka yi dako da basherta, ba ta da wata alaƙa da lita 5. Sifili biyu a tsakiya (2008, 3008, 5008) na masu tsayi ne ko masu ɗaukar iyali, kuma don Allah 2008 ba shekarar ƙira ba ce, ana samun mai tambaya. Tun 2012 Peugeot ta daina ƙara lambar ƙarshe, ta tsaya kan 8, shi ya sa 308 ta tsohon zubi da ta sabon zubi duk 308 ne, sai ka tambayi shekara. A motar Peugeot bayanin inji daban yake zuwa, misali "2.0 HDi 110", wato lita 2, gazuwal, ƙarfin inji doki 110. SW kuma mai dogon baya ce, birek.

Mercedes sai ka fara duba ko harafi ne gaba ko lamba. Kafin 1993 lamba ke gaba: 200D, 230E, 300D. Lambar girman inji ce (230 lita 2.3), D gazuwal, E kuma mai injekta ce ba kabireta ba, T mai dogon baya. 190 ce ta fita zakka tun lokacin, 190E ta farko lita 2 gare ta, shi ya sa daga baya sunka riƙa ƙara 2.3 ko 2.6 gefe. Daga 1993 harafi ya dawo gaba ya zama aji: C ƙarama, E matsakaiciya, S ta manya, G da ML masu tsayi. A 2015 sunka sake suna, ML ta koma GLE, GLK ta koma GLC, GL ta bi baya ta zama GLS, to in an ce maka GLE ce alhali takarda na nuna 2012, ML ce anka ma kwalliya.

Abin da dillalai ba su faɗi shi ne lambar ta daɗe da daina bin girman inji. C200 CDI da C220 CDI na shekarun 2000 inji guda ne mai wajen lita 2.1, saiti da ƙarfi ne sunka bambanta. C200 Kompressor daga 2002 lita 1.8 ce. C300 ta zubin 2008 V6 ce mai lita 3, amma C300 da ta gaje ta a Amurka daga 2015 silinda 4 ce mai lita 2 da turbo. Suna guda, inji daban, piyas daban, kuɗin gyara daban.

BMW haka labarin yake. A 320d, 3 aji ne (1, 3, 5, 7 suna ƙara girma), 20 a da lita 2.0 ne, d gazuwal. 328i ta shekarun 1990 da gaske lita 2.8 ce silinda 6, 328i ta 2012 kuwa lita 2 ce silinda 4 da turbo. 316d, 318d da 320d na wancan zubin duka lita 2 ne. Yanzu lambar matsayin ƙarfi kawai take nunawa, babbar lamba ta fi ƙarama ƙarfi, shi ke nan. L kamar a 750Li doguwa ce, an ƙara ma masu zama baya wurin miƙe ƙafa. X masu tsayi, M na gudu, wanda kuma shi ne tambarin da anka fi mannawa na ƙarya.

Lexus ta fi su riƙe gaskiya na dogon lokaci: RX 300, 330, 350 lita 3.0, 3.3, 3.5 ne, LX 470 da 570 lita 4.7 da 5.7, GX 460 lita 4.6. Masu h ne sunka fara karya ƙa'ida, RX 400h lita 3.3 ce, RX 450h lita 3.5. Sababbin ma sun bi sahu, LX 600 ba lita 6 ba ce, V6 ce mai turbo biyu da ba ta wuce lita 3.5 ba.

Audi: A ta yau da kullum, Q mai tsayi, S da RS na gudu. A 2017 sunka koma rubuta 35, 40, 45 kafin TFSI ko TDI, matakin ƙarfi ne ba lita ba. Hyundai i10, i20, i30 girma ne kawai, ix35 kuwa Tucson ce da anka canza ma suna a kasuwar Turai.

Mataki na 4: kamiyo da bas

Nan lissafin ya fi daɗi don har yanzu yana da gaskiya. Wajen Mercedes lambobin farko nauyin mota da kayanta ne a tan, biyun ƙarshe kuma ka ƙara musu sifili ka samu dawakin inji. Tsohuwar 1924 mai dogon hanci tan 19 ce doki 240, 911 tan 9 doki 110, Actros 1840 tan 18 doki wajen 400, 3340 tan 33 ƙarfi guda. Sprinter 313 CDI tan 3.5 ce doki kusan 130, to 313 da 316 jiki guda ne ƙarfi ya bambanta, 515 kuwa nauyin da take ɗauka ne ya ƙaru. MAN da ɗigo take rabawa, 18.440 tan 18 doki 440. Renault Premium 420 da Howo 371 dawakin kawai sunka rubuta. Ka lura tan ɗin nan har da nauyin motar kanta, ba wai za ka loda mata tan 19 na albasar Galmi ba, ko da yake mun san abin da ake yi a hanyar Ƙwanni.

Mataki na 5: Toyota, inda ainihin karatun yake

Toyota suna take ba motocinta ba lamba ba, amma tana da wasu haruffa na ciki da bakanikai da masu piyas ke aiki da su, kuma tunda rabin abin da ke yawo tsakanin Yamai da Tawa da Agadas Toyota ne, wanga matakin ya fi duk sauran amfani.

Ɗauki HZJ79. Haruffan farko inji ne, HZ na nufin 1HZ, gazuwal lita 4.2 silinda 6 ba turbo, famfon mai na gargajiya ba kwamfuta, wanda bakanike a Abalak ko Cintabaradan zai buɗe maka shi ƙarƙashin bishiya. J na nufin Land Cruiser. 79 zubin jiki ne, mai buɗaɗɗen baya, 78 doguwar rufaffiya ce irin ta ƙungiyoyi da ambilans, 76 mai ƙofa biyar. Yanzu canza haruffan farko ka ga: GRJ79 jiki guda ne amma inji 1GR, V6 esansi lita 4, VDJ79 kuma V8 gazuwal lita 4.5 mai turbo. Daga nesa duk mota guda ce.

Manyan Land Cruiser na tafiya 80 (1990), 100 (1998), 200 (2007), 300 (2021). FZJ esansi silinda 6 lita 4.5, HDJ gazuwal mai turbo lita 4.2, UZJ V8 esansi lita 4.7, VDJ V8 gazuwal. Mu nan duk babbar Land Cruiser "V8" muke ce mata, amma cikin masu zuwa daga Dubai akwai GRJ200 mai V6 lita 4, kuma tambarin V8 ba shi da wuyar samu. 300 ɗin ma gaba ɗaya babu V8 cikinta, V6 ce. Prado na tafiya 90, 120, 150: TRJ esansi silinda 4 lita 2.7, GRJ V6 lita 4, KDJ gazuwal lita 3 mai turbo, LJ tsohon gazuwal mara turbo mai haƙuri amma ba sauri.

Hilux N ne harafinta. LN da LAN injin L na da, KUN25 lita 2.5, KUN26 lita 3, GUN125 lita 2.4, GUN126 lita 2.8, duka gazuwal, TGN esansi. Corolla E ce: EE90 lita 1.3, AE92 lita 1.6, ZZE121 lita 1.6, ZZE122 lita 1.8, CE gazuwal. Hiace H ce, LH da KDH gazuwal, RZH da TRH esansi. In L ya biyo bayan lambar kamar KUN25L sitiyari na hagu ne irin namu, R na dama.

Sunan injin kanshi ma yana karantuwa. A 1ZZ-FE, ZZ dangin inji ne, 1 na farko ne a dangin (ba lita 1 ba), E a ƙarshe injekta mai aiki da lantarki, T in ya fito turbo ne, FTV gazuwal ne na zamani mai kwamfuta irin 2KD-FTV.

Mataki na 6: kat-kat ce da gaske?

4MATIC na Mercedes, xDrive na BMW, quattro na Audi, 4Motion na Volkswagen, AWD da 4WD duk suna cewa ƙafa huɗu na ja. sDrive da 2WD da 4x2 ƙafa biyu ne. Tsayin mota ba shaida ba ne. RAV4 da 4 a sunanta akwai da yawa masu ja da gaba kawai, haka Highlander da CR-V, Hilux KUN15 ma da baya kawai take ja. Durƙusa ka leƙa ƙasan motar, in mai ja da gaba ce kuma babu dogon ƙarfe mai juyawa da ya tafi baya zuwa fon, to ba kat-kat ba ce ko mi anka rubuta, sai fa masu haɗa inji da batir, waɗanda lantarki ke jan ƙafafun bayansu. Kuma AWD na motocin gari don santsin titi anka yi shi, wanda zai shiga rairayin Azawak mai ƙaramar giya yake buƙata, wadda za ka ga 4L ko L4 kusa da giya.

Mataki na 7: haruffan alatu

Waɗannan ba su taɓa inji sosai, kujerun fata ne, rufin gilashi, allo, janti. Toyota ta Amurka: CE ko L ƙasa, LE tsakiya, SE mai zubin wasanni, XLE sama. Ta Dubai: GX, GXR, VXR suna hawa. Honda LX ce ta ƙasa sai EX sai EX-L, alhali LX wajen Lexus ita ce babbar motarsu, ka ga ba a ɗaukar ma'anar wani gida a kai wani. A nan kar ka tsaya karatu, shiga ciki ka taɓa kujera ka kunna kilim ka gani.

Mataki na 8: lambar shasi da kart giriz

Yanzu bar bayan mota. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙi, ko ka ɗaga kapo ka duba bangon da ke bayan inji, akwai faranti ko takardar da kamfani ya manna. A Toyota nan za ka ga cikakken lambar zubi da sunan inji. Lambar shasi guda 17 ce haruffa da lambobi, babu I babu O babu Q a ciki don kar a rikita su da 1 da 0, in ka ga ɗaya daga cikinsu a takarda to wani ya yi kuskuren kwafi ko ya yi wasa. Tana kuma ƙasan gilashin gaba gefen direba a yawancin motoci, sannan an buga ta a jikin ƙarfe, duk wuraren dole su zo ɗaya da abin da ke kart giriz da takardar duwan. In wurin da anka buga ta ya yi sabon fenti ko alamar walda, ka yi sallama da mai motar.

Farkon lambar na faɗin inda anka ƙera ta. J Japan, W Jamus, K Koriya, L Sin, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. VF3 Peugeot, VF1 Renault, WBA BMW, WDB da WDD Mercedes. Toyota kuwa JT daga Japan, SB1 daga Ingila inda anka ƙera Avensis, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Tailan, to mai ce maka Hilux ɗinshi "'yar Japan ce zalla" nan za ka gane.

A motocin da anka yi don kasuwar Amurka da Kanada, na 10 a jerin shi ne shekara. Y 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har L 2020, ana tsallake I, O, Q, U da Z. Camry ko Highlander da anka canza ma fitilu da bamba anka ce 2012 ce, in na 10 ya nuna 8 to 2008 ce, sai a koma ciniki daga farko. Motocin Turai irin Peugeot da Mercedes ba duka ke bin wagga ƙa'ida ba, kar ka yi rigima da mutum a kai, ga su sai ka saka lambar a shafin duba shasi na intanet ko ka duba shekarar da ke jikin bel ɗin kujera da gilasai.

A kart giriz akwai wurin da anka rubuta 7 CV ko 11 CV, ba dawakin injin ba ne, dawakin haraji ne da ake lissafin binyet da asiransi da su. Mota mai doki 110 na iya zama 6 ko 7 CV a takarda. Kafin ka yi murna da babban inji tambayi nawa ne CV ɗinta don kai za ka riƙa biya duk shekara.

Sai abu na ƙarshe da takarda ba za ta faɗa maka ba: motoci da yawa a nan an sauya musu inji, faranti na cewa 1ZZ abin da ke ciki wani ne daban. Sunan inji an buga shi a jikin bulok ɗin kanshi, ka sa bakanikenka, naka ba na dillali ba, ya goge wurin da tsumma da ɗan esansi ya karanta maka. Ka ɗauki hoton farantin da na lambar injin ka aje a waya, ranar da za ka sayi filta ko kurwa (bel ɗin inji) ko famfon ruwa su za ka nuna ma mai shago, don in ka ce mishi "na Corolla" kawai tambayar da zai maka ita ce wace Corolla.